Haƙoran Mista Ollerenshaw

A duk garinmu na Barnsley ba a taɓa yin mutum irin Mista Cuthbert Ollerenshaw ba, kuma shi ne ya fara gano hakan. Shekara sha huɗu yana shugabantar ƙungiyarmu ta masu tono tsofaffin kwalaben lemon citta, irin na tangaran ɗin nan da kakanninmu suka sha suka jefar a bola. Mu ne cikin rami, ruwan sama na dukanmu, taɓo har gwiwa. Shi kuwa yana tsaye a bakin ramin da lema, yana nuna mana inda za mu kafa shebur.

Darajarsa duk a bakinsa take. Kwalbar da aka liƙe tsagarta da gam ba ta shiga gasarmu, kuma ba a gane ta da ido, sai an ƙwanƙwasa ta a haƙori: tangaran na gaske tauri gare shi da sanyi, gam kuwa laushi. Alƙalin Baki, haka muke kiransa a bayan idonsa. Zai lumshe ido, ya ɗora kwalbar mutum a haƙoransa, ya yi tsit kamar likita na sauraron ƙirji.

"Gyararriya ce," sai ya ce. "Haƙorina bai taɓa yi mini ƙarya ba, kuma ba yau zai fara ba."

Saboda haka kowace shekara kofin gasa ke tafiya wurin kwalba ɗaya, mai shuɗin wuya da hoton zakara. Tasa ce. Shi ya gwada ta, shi ya wanke ta.

Misis Doreen Hepworth, tsohuwar mai dafa abincin makaranta, sati uku ta yi tana tonon kwalbarta, shekara biyu yana kayar da ita. Abin ya tsaya mata a rai, mu ma haushi ya ishe mu. Bana ranar gasa ta zo daidai da zaɓen shugaba, sai ga Doreen da faranti cike da alewa mai danƙo.

"Shugaba, ɗan taɓa mana kafin ka hau aiki. Babu wanda ya san ɗanɗano irinka."

Yabo dai bai taɓa wuce shi ba. Ya ɗauki mafi girma, ya gatsa, ya ja. Alewar ta fito, haƙoran sama suka biyo ta gaba ɗaya, da dasashinsu na roba.

Wani daga baya ya tambaya, "Tun yaushe, ranka ya daɗe?"

"Tun kafin ku zaɓe shi," in ji matarsa, ko ɗagowa daga shayinta ba ta yi ba.

Doreen ta ɗauki mai zakara, ta ƙwanƙwasa a haƙoranta na Allah.

"Laushi, Cuthbert. Daga wuya har kafaɗa."

Da aka zo zaɓe hannaye suka tashi, kujerar shugabanci ta koma hannunta. Ya buɗe baki zai ɗaukaka ƙara, amma alƙalin yana kan faranti, manne da alewa.