Yadda Za Ka Auna Tashin Hularka a Wurin Mitin

Tun da dimokuraɗiyya ta shigo, duk ɗan takarar depite, wato ɗan majalisa, da ya zo gari, da cilla huluna sama ake tarbarsa. Wanda tasa ta fi tashi shi ake kira gaba a ba shi sukari da shayi. Sai gardama, kowa ya ce tasa ce ta fi nisa. Ni kuwa ba mitin ɗin da ya wuce ni daga Cadawa har Gidan Rumji. Bi hanyar nan, in ba ta raba gardama ba a canza mini suna.

1. Samo hula

Kada ka jefa taka, kai ma ka san ta ji jiki. Ara. Ɗalibina Ɗan Azumi na Gidan Sori ya ari ta surukinsa, Alhaji Abdulmumini, wadda ya zo da ita daga Makka. Ya ce ɗaurin aure za shi. Alhaji ya ce, "Yaro, ka maido ta kafin Juma'a." Ya ce, "Haba Baba, ko ƙura ba za ta taɓa ta ba."

2. Ba ta nauyi

Hula ba komai ciki, iska ke wasa da ita. Cusa mata goruba. In ta faɗo a kan wani, ɗan adawa ne ya zo leƙen asiri.

3. Jefa ta sama sak

Ban da karkacewa. Tana hawa gudunta na raguwa, har ta kai inda za ta tsaya cak, ba hawa ba sauka. Nan ne iyakarta, nan muke nema. Ɗan takara ba zai gani ba, agogonsa yake dubawa.

4. Ƙirga

Daga barinta hannunka har ta dawo, ƙirga sakan nawa ta yi. Raba biyu, don rabi tafiya ce, rabi dawowa. Ninka rabin da kansa, ka sake ninkawa sau biyar, metir ke nan. In sakan biyu ta yi, ta tashi metir biyar. Mushe Marwa, malamin makarantar lakol, ya tabbatar mini a tsanake, don malamai suna yajin aiki.

5. Tsaya inda kake

Nan Ɗan Azumi ya ɓata mini aiki. Jifa kam ya yi, wallahi har na ji daɗi. Sai motar ɗan takara ta danna masa oda, ya yi tsalle gefe, hula ta sauko cikin buɗaɗɗen bayan motar, tsakiyar makaɗa. Ya bi ta da gudu yana ihu, "Ranka ya daɗe, hular Baba!" Ɗan takara ya ɗaga masa hannu ya ce, "Na ji kukanku! Ina nan dawowa!"

6. Kada ka daina ƙirga

Ƙa'ida ta ce sai ta dawo hannu. Juma'a ta zo ta wuce. Alhaji ya aiko aka tafi da ɗiyarsa Lantana, matar Ɗan Azumi, ya ce mata, "Ranar da hulata ta dawo, ke ma ki koma ɗakinki." Abin ya ba ni tausayi ƙwarai. An yi zaɓe, mutumin ya ci, har an ga hotonsa daga Yamai da hular a kansa, ta kuwa yi masa kyau. Ɗan Azumi na bakin hanya yana ƙirga. A lissafina hular ta wuce duniyar wata tuni.

Gargaɗi

Ni lissafi kawai na koyar. Ɓatan hula, fashewar kai da tafiyar mata ba ruwana. Mai ƙorafi ya je ya zauna kusa da Ɗan Azumi, depite ya ce yana nan dawowa.