Salansar da Na Zaɓa Gab da Azumi

Ba zan taɓa mantawa da jar motar nan tawa ba, kuma ko na so in manta, tsofaffin unguwarmu Utaibiyya ba za su bar ni ba. A ƙarshen shekarun sittin ne, ina saurayi mai ji da kaina. A Makka aka haife ni, iyayena Kanawa ne da suka biyo ta Sudan suka zo aikin Hajji, zama ya kama su. Bayan rasuwar mahaifina sai ƙaninsa Baffa Sani ya riƙe ni, ina taya shi tsaron shagonsa na carbi da darduma. Da na ɗan samu sarari, maimakon in yi abin kirki, sai na tafi Jidda na sayo motar Amurka ta hannu, mai ƙofa biyu da dogon hanci da inji kamar na tanka.

Ina son motar nan so na haƙiƙa. Illarta ɗaya ce, murya. In na tayar da ita tantabaru su watse, jarirai su farka, tagogin katako su ɗauki rawa. (Ni kuwa na ɗauka leƙowar da ake yi ta taga sha'awa ce.) Da azumi ya matso Baffa ya kira ni zaure, bai ko ce in zauna ba.

"Mutane za su yi tsayuwar dare, su rama barci da rana," in ji shi. "Ko ka rage mata murya, ko ta bar layin nan. Halas, magana ta ƙare."

Na ce to, Baffa, na wuce garejin Usta Adamu, wani makanike mutumin Cadi. Ya fito mini da salansa biyu, abin da 'yan Makka ke kira shakman. Ɗaya doguwa ce mai kauri, ya ce ko mage ce ke barci a ƙarƙashin motar ba za ta motsa ba. Ɗayar gajera ce, tana rage ƙara amma ta bar ɗan gurnani. Na tsuguna ina jujjuya su ina ƙwanƙwasawa kamar mai zaɓen ragon layya, alhali tun kallon farko zuciyata ta riga ta zaɓa. Meye amfanin irin wannan mota in ba wanda zai san ka iso? Na ɗauki gajerar, na ce ai doguwar za ta danne wa inji numfashi. Usta ya ɗaga kafaɗa ya ɗaura.

Tun a hanya na gane gurnanin nan ba ɗan kaɗan ba ne, Baffa ba zai yarda ba. Sai wayona ya tashi. Layinmu gangare ne, don haka da na kawo samansa sai in kashe makulli, motar ta silalo shiru har ƙofar gida. Da safe kuma in saki birki ta gangara can bakin titi kafin in tayar. Dabarar ta ci, har Baffa ya riƙa yabona a gaban mutane, yana cewa yaron nan akwai jin magana.

Wanda bai zauna a Makka a wancan zamanin ba, bari in faɗa masa yadda muke shan ruwa. Duwatsu sun kewaye garin, rana tana ɓuya bayansu tun kafin ta faɗi, saboda haka ba mai kallon sama. Igwa ake jira, midfa, wadda ake bugawa daga kan dutse. Kowa zai zauna da dabino a hannu yana kasa kunne. Hatta Malam Isa, ladanin ƙaramin masallacinmu, sai ya ji ta yake kiran salla.

Ranar da abin ya faru, Baffa ya gayyaci dattawan unguwa buɗa-baki. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an jera romon shurba da sambusa da tulun zamzam, ni kuma aka aike ni sayo burodi. Na dawo magariba ta kusa, na kashe makulli yadda na saba, ina silalowa da hannu ɗaya a taga. Sai ga jakin mai ruwa ya ratsa gabana. Na taka birki, motar ta rasa gudunta, na ga za ta tsaya mini kafin gida, a gaban dattawa. In fito in tura mota kamar wani mai amalanke? Allah ya kiyaye. Tana ɗan tafiya haka na murɗa makulli. (Daga baya na san cewa in ka kashe mota tana cikin giya, fetur ne yake ta taruwa a salansa, wuta kawai yake jira.)

Ƙarar da ta tashi, ni kaina na ɗauka na mutu. Ta daki dutse ta dawo. Kafin kunnena ya buɗe, sai na ji bisimilla tana tashi daga kowane gida. Dattawa suka jefa dabino a baki, tulu ya fara zagayawa, Malam Isa ya rangaɗa kiran salla. Ni kaɗai a duk Utaibiyya na san gaskiya. Na fito da burodi a hannu. Baffa ya miƙo mini dabino.

"Kai, sha ruwa mana, me kake jira?"

Ina riƙe da dabinon nan igwar gaskiya ta tashi.

Kowa ya tsaya da loma a baki, aka dubi wajen dutse, sannan a hankali idanu suka juyo kan hayaƙin da ke fita daga ƙarƙashin motata, inda salansar ta dare kamar gwangwanin da aka taka. Da ƙasa za ta tsage, wallahi da na shige. Baffa ya haɗiye abin da ke bakinsa, ya dube ni, ya dubi dabinon da ke hannuna.

"Ci abinka," ya ce. "Duk unguwar nan kai kaɗai ne mai azumi."

Limamin masallacinmu ya ce kowa sai ya rama wannan rana bayan ƙaramar salla, maza da mata, har da tsofaffin da azumin ke ba wuya. Baffa bai sake tayar da zancen motar ba, ni ma ban jira ya tayar ba. Wani mutumin unguwar Rusaifa ya saya, da sharaɗin sai an sa mata doguwar salansar nan da na raina. Ina tsaye ya ja ta ya haura gangarenmu kamar kibiya, ƙarfinta bai ragu ba ko kaɗan, kuma ko tantabara ɗaya ba ta tashi ba. Na koma zaure na share hawaye.

Tun daga nan, in babba ya ce in rage murya, ragewa nake yi da gaske, ba na neman dabara. Sai dai karatun ya zo a makare. Yau ina da jikoki, amma a Utaibiyya ba mai kirana Alhaji. Midfa suke cewa, kuma duk azumi sai an samu wanda zai tambaye ni ko lokaci ya yi.