Farfesa Ssentongo, Fitilar Kampala

Tun asuba Farfesa Ssentongo yake tsaye a ƙofar cibiyar bincikenmu, yana nuna wa masu gadi inda za a rataye hotonsa. Sau uku aka canza ƙusa. Gwanin masana kenan, wanda muke kira Fitilar Kampala. Shekara tara rabon da ya taɓa kwalbar gwaji, amma farar rigarsa ta fi ta kowa guga.

Ranar kwamiti zai zo ya yanke ko a rufe ɗakin gwaji ko a bar shi. Madam Nabirye, ma'aikaciyar ɗakin, wata bakwai ta yi tana renon ƙwayoyin halittar ɓera a ƙananan farantai. A cikinsu akwai wani furotin da ke ɗaure a gefe. Shuɗin haske na taɓa shi sai ya kwance ya ruga tsakiyar ƙwayar, kuma ba ya dawowa. Shi ya sa jan ƙwan lantarki kaɗai ake kunnawa a ɗakin, don farin haske ma akwai shuɗi a cikinsa.

Farfesa ya shigo da baƙi yana jawabi.

"Ni, ranku ya daɗe, furotin biyayya yake min. In na ce tafi, sai ya tafi!"

Mai ɗaukar hoton da ya biyo su ya ce fuskar Farfesa ba ta fita. Wannan ba abin da za a lamunta ba ne. Farfesa ya miƙa hannu ya kunna fararen fitilun rufi gaba ɗaya.

"Nabirye, ku bar zama cikin duhu kamar jemagu."

Aka leƙa madubin ƙara girma. Furotin kaf ya riga ya tafi, ba abin nunawa. Farfesa ya ce laifin masu wutar lantarki ne.

Nabirye ta miƙe. Ta kashe fitilun, ta jawo kular da take kawo dafaffiyar ayabarta ta matoke, ta fito da faranti ɗaya na ƙwayoyin, naɗe da baƙar leda.

"Kin san za a yi haka?" in ji shugabar kwamitin, Dakta Akello.

"Shekara tara muna tare, Hajjaju."

"To nuna mana. Farfesa, taimaka ka tsare mana ƙofa. Ta waje."

Nabirye ta haska shuɗin haske, furotin ya tafi yadda ake so, kwamiti ya ce ɗaki zai ci gaba.

Ganina na ƙarshe da Farfesa, yana tsaye a baranda ya tare mai shara, yana bayyana mata cewa shi ya ba da umarni kada kowa ya shiga.