Gadar Da Ta Warkar Da Unguwarmu

Jama'a, yau da safe na goya mahaifiyata kamar jaririya, ni da furfurata, muka hau sabuwar gadar tsallaka titi. Kafin mu kai sama wandona ya ɓarke, numfashi na neman gagarata, ita kuwa Inna sai dukan kafaɗata take: "Kai dai tun kana yaro ba ka da ƙwari!"

Asibitin da ake duba mata hawan jini da ciwon gwiwa yana kallon gidanmu, titi ne kawai a tsakani. Ta taga ma muna hango mai gadinsa yana gyangyaɗi. Da can sai in riƙe ta, in ɗaga wa motoci hannu, mu lallaɓa mu haye. Akwai hatsari, ban musa ba, mu da bakinmu muka yi ta kukan a yi mana gada.

To, Mai Girma Uban Tsare-tsare, Allah ya ƙara wa tumbinsa albarka, ya ji kukanmu. Ya ce shi ba ya aikin gaggawa, sai an bi ƙa'ida daki-daki. Aka turo masana da hulunan kwano da riguna masu ƙyalli, su gano ainihin inda mutane suke tsallakawa. Amma ai manya ba sa aiki cikin cunkoso. Kafin su sauko daga mota, masu tsaronsu sun kore mu kaf daga bakin asibitin. Duk mai son hayewa sai ya gangara can wajen juji, bayan tsohuwar ma'aikatar katako. Masana suka ɗaga na'ura, suka hango jama'a na tururuwa a juji, suka gyaɗa kai. Bincike ya kammala.

A can aka dasa gadar. Kuma don kada mu ɓata musu lissafi, aka ja shingen ƙarfe a tsakiyar titi, ya bi ta ƙofar gidanmu ya wuce.

Na ce wa maƙwabcina mai faci, "Malam, wai ba wanda ya gaya musu?"

Ya ce, "Ni na matsa zan yi magana, aka ce in tura ƙorafi ta intanet. Amma tsakani da Allah, fentin ya yi kyau."

Ya yi kyau, wallahi. Matakalar ma da alama da ƙafar raƙumin dawa aka auna ta. Awaki dai ba su da ƙorafi, a sama suke wuni.

Ko da muka isa asibiti layi ya watse, likita ya tashi. Inna ta zauna a benci, ta daɗe tana murza gwiwa, sannan ta ce, "Ɗan nan, ba za ka ƙara ɗaukata a gaban mutane ba. Ka bar ni a ɗakina, abin da Allah ya yi shi ne daidai." Na yi lallashi har bakina ya bushe. Tsoro ya kama ni, don jinin nan ba ya jiran kowa, kuma na san halinta, in ta ce a'a magana ta ƙare.

Ma'aikaciyar jinya ta ce ba Inna kaɗai ba ce, tsofaffin tsallakenmu duk sun ɗauke ƙafa. Har rahoto ya kai sama cewa marasa lafiya sun ragu a asibitin, ana shirin ba Mai Girma lambar yabo kan inganta lafiyar al'umma. Ina taya shi murna. In ya ƙara mana gada ɗaya, ina jin ko tsoho ɗaya mai ciwo ba zai saura a unguwar nan ba.