Karan Auna Wuya

A wani daji mai tafki ɗaya tak, akwai wata al'ada da dabbobi ke tinƙaho da ita, ko da yake ba kakanninsu suka bar musu ba. Duk wanda zai riƙe muƙami sai an auna wuyansa da wani busasshen karan dawa. Mai dogon wuya shi ne mai hankali. Mai gajere kuwa sai dai Allah ya ba shi haƙuri.

Ga asalin karan. A zamanin da, wasu balbelu farare fat suka sauka daga ƙetaren teku, suka ce ruwa kawai za su sha su wuce. Aka ce baƙo raɓa ne, aka ba su wuri. Raɓar nan ta shekara tamanin ba ta bushe ba. Suka mamaye gefen da kifi ya fi yawa, suka hau bayan Ɓauna wai kaska suke cire mata. Sai da suka ƙoshi sannan suka tuna ana bukatar dalili, domin 'ya'yansu sun fara tambayar abin da ya sa masu gida ke shan ruwa a ƙarshe. Nan wata balbela mai ilimi ta tsinko kara, ta yi bincike mai zurfi, ta gano cewa hankali a wuya yake zaune. Raƙumin Dawa ya matso a gwada nasa da nata, aka ce masa ba a auna mai aunawa. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ranar da balbelu suka koma gida an yi kiɗa da rawa har kwana bakwai. Sun tafi da kifi, sun tafi da tsohon tambarin daji don su adana shi kada gara ta ci, amma karan sun bar shi kyauta. Tun daga nan Raƙumin Dawa ke riƙe da sarautar Sarkin Ruwa, shi da ko sha zai yi sai ya wawware ƙafafu kamar mai shirin faɗuwa. Kunkuru kuwa, bawan Allah, kullum da hantsi yakan rataya haɓarsa a reshe ko wuyan ya ƙaru.

Wata shekara damina ta yi rowa, tafki ya koma taɓo. Aka kira taro a gindin tsamiya. Ana cikin kame-kame sai Dabgi, mai dogon bakin nan da ba shi da aiki sai haƙar rami, ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "ni ba mai magana ba ne, mai haƙa ne. Shekaranjiya ina neman gara a gindin tsohon ɓauren can, na ji sanyin ƙasa a hancina. Akwai ruwa, bai fi gaba biyu ba. Amma wurin hurumin Sarkin Ruwa ne, ba a taɓa shi sai da izini. 'Ya'yana biyu yau kwana uku laka suke tsotsa. A yi mini izini."

Jimina, wadda ita ke riƙon kara, ta zo ta ɗora masa a wuya, ta sanar da cewa bai kai taƙi ɗaya ba.

Raƙumin Dawa ya yi gyaran murya daga can sama. "Dabgi, ba ƙin ka nake yi ba. Amma ni daga nan har bayan duwatsu nake hangowa, ban ga ruwa a gindin ɓaure ba. Abin da wuya irin nawa bai gani ba, hanci irin naka ne zai gani? Ka yi haƙuri, mun aika wa masana."

"Hangen Dala ba shiga birni ba ne, ranka ya daɗe," in ji Zabuwa, wadda bakinta ba ya kwana da magana. Ita ma aka auna ta, aka ce ta zauna.

Masanan suka iso, balbelu uku, jikokin na farko. Gaskiya suna da ladabi. Babbarsu ta ce, "Mu yanzu mun daina maganar wuya, tsohon yayi ne, mun ma yi tir da shi. Duk dabbobi ɗaya ne. Sai dai za mu so mu tattauna da waɗanda suka cancanta." Tana faɗa tana ɗaga kai sama, inda waɗanda suka cancanta suke.

Suka shirya taron ƙara wa juna sani na kwana uku kan yadda ake jin ƙishirwa cikin tsari. A lokacin hutu sukan tsince ɗan kifin da ya rage a taɓo. Kunkuru ya miƙe wuya iya ƙarfinsa ya tambaya ko za a bari su je su sha a tafkin balbelu da ke ƙetare. Aka ce masa ƙofa a buɗe take ga duk wanda ya kawo shaidar cewa ba ya jin ƙishirwa.

A rana ta uku da tsakar rana, Dabgi ya dubi 'ya'yansa, idanunsu sun faɗa, ya ji zuciyarsa ta karye. Ya ce a kashe shi in an ga dama. Ya nufi ɓaure ya kama haƙa, ƙasa na tashi ta bayansa. Kafin a tashi daga taro ruwa ya ɓulɓulo, garai-garai.

Masu fiffike suka riga kowa zuwa. Babbar balbela ta tsoma baki, ta ɗaga kai ta ce, "Mun gano ruwa! Daga yau sunanta Rijiyar Balbela." Ta leƙa ta ga Dabgi a ciki, jiki duk taɓo, ta ƙara da cewa, "Tare da ɗan taimakon wani mazaunin wurin." Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Jimina ta ɗaga kara ta ce a jeru, dogaye a gaba, Dabgi da 'ya'yansa a ƙarshen layi, bayan an gama sha kuma a yi masa shari'ar haƙa ba izini.

Nan Zabuwa ta haye tsibin ƙasar da aka tono. "Jama'a, ku dube ni da gajeren wuyana! Karan nan ya taɓa tono mana ko cikin cokali na ruwa? Waɗanda suka kawo shi sun ce sun daina, mu da aka auna mu ne muke goge shi muna ajiye shi a inuwa. Yau mai rijiya zai tsaya a bayan layi, 'ya'yansa na kallon ruwan ubansu? Wallahi ko kunya ba mu ji!"

Ɓauna, wadda ba ta manta nauyin baƙi a bayanta ba, ta tako a hankali, ta karɓe karan, ta ajiye a ƙasa, ta bi ta kansa da kofato har ya zama gutsattsari. Daji ya ɗauki shewa. Aka tura 'ya'yan Dabgi gaba, suka sha har cikinsu ya yi tulu, ubansu na dariya yana share ido da ƙazamin hannu. Raƙumin Dawa ya wawware ƙafafu ya sha a bayansu, ya ce dama ya daɗe yana zargin wurin. Balbelu suka tashi da sauri, za su kai wa ƙetare labarin nasarar da suka samu.

Washegari da safe aka aiki Bushiya ta tattaro gutsattsarin karan a ƙona. Ta share filin kaf, sau biyu, ba ta sami ko guntu ɗaya ba. Ashe da dare kowa ya lallaɓo ya tsinci nasa ya ɓoye.