Faifan da Ya Sauya Suna

"Lafiya lau, sai dai ganin fuskarka ya ɓata mini safiya," in ji Injiniya, tana ture labulen shagon.

Mai Hoto bai ko tashi ba. Yana tsugune gaban kwamfutarsa da ya kwance wa murfi, allonta baƙi ƙirin sai 'yan fararen rubutu. Ita 'yar gwaggonsa ce, mai kula da manyan kwamfutocin wani kamfani, shi kuma ɗan kawunta. Taubasai ne, tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da an yi wa juna tsiya ba.

"Baiwata, kin makara. Tun yaushe ubangidanki ya aika a kira ki?"

"Wane ubangida? Ni dai bawa na gani a durƙushe. Ci gaba da gaisuwar, ban ce ka tashi ba."

"Allah ya shirye ki. Gwaggo ta yi haƙuri da ta raini wannan baki."

"Kawu ne ya yi haƙuri, da ya biya kuɗin makaranta aka dawo masa da kai yadda ya kai ka. Me ka yi wa baiwar Allah ka feɗe mata ciki haka?"

Ta janyo kujerarsa mai juyawa ta zauna. Shi kuwa ya share gumi.

"Faifan cikinta da nake ajiye hotuna ne ya cika, na sayo sabo na ƙara."

"Kai da kanka? Karambanin akuya, gai da kura!"

"Ke ce fa kika sa mini manhajar Linux ɗin nan a kwamfutar, kika ce ko jariri zai iya."

"Na ce jariri, ban ce kai ba. Ci gaba."

"Da ma faifai biyu gare ni. Na farko sunansa sda, shi ke tayar da na'urar. Na biyu sdb, nan hotuna suke. Na ce to, sabon ai sdc zai zama. Na duba, ga sdc kuwa. Sai na yi masa fomatin, na share shi tas don ya karɓi kaya."

"Ka duba girmansa kafin ka share?"

"Wane girma? Ai ga sunan."

"Inna lillahi! Kai ko rago za ka yanka, sunansa kake tambaya?"

"Ki bari in gama. Daga baya na ga wayar wutar sabon kamar ba ta zauna ba. Na kashe, na danna ta sosai, na kunna. Shi ke nan, ta tsaya a wannan baƙin allo. Da na duba sunayen..." Ya nuna allon. "Faifan hotunan ne yanzu yake amsa sdc. Sunan da na share."

Ta buɗe baki za ta yi dariya, sai ta ga yau ba da wasa yake ba. Ta maida dariyar ciki.

"Ɗan Kawu, hotunan wa ke ciki?"

"Na kowa. Amma waɗanda suka hana ni sakat na wani biki ne da na ɗauka kwanan baya. Mahaifin amaryar ya rasu bayan bikin. Hotonsu na ƙarshe tare yana ciki, yana riƙe da hannunta yana dariya. Ta kira ni jiya tana kuka, ta ce ko shi kaɗai in wanke mata. Na ce ta zo yau da la'asar."

"Katin kyamarar fa?"

"Na riga na sake ɗaukar wani aiki a kansa."

Injiniya ta naɗe hannun rigarta.

"Matsa can, warin guminka zai ƙona sauran faifan. Kada ka sake taɓa komai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

"In kin dawo mini da su, na 'yanta ki."

"Ka fara 'yanta kanka daga jahilci."

Ta buga lsblk, umarnin da ke jero faifan da na'ura ke gani da girman kowanne. Ta ƙura wa allon ido.

"Zo ka gani, amma da ido kawai. Na'urar nan ba ta san faifai da fuska ba. Wanda ta fara cin karo da shi in ta farka, shi ne a, na biye b, na biye c. Kamar layin ɗiban ruwa. Ka soke sabon a ramin da ke gaban na tsohon, sai ya shige gabansa a layi ya ƙwace masa suna."

"To me ya hana ta tashi?"

"Akwai fayil mai suna fstab, shi ke gaya mata inda za ta sami kowane kaya. An rubuta mata cewa hotuna suna ɓangaren farko na sdb. Ta je ta ƙwanƙwasa, ta tarar da baƙo, fili fetal ko ɗaki ɗaya ba a yanka ba. Shi ne ta zauna tana jira. Ta fi ka hankali, da ba ta gane ba sai ta tsaya."

"Ki zage ni yadda kike so, ki dai faɗa mini hotunan."

Ta haɗa tsohon faifan ta hanyar karatu kawai, don kada a rubuta komai a kansa. Ta buga wani umarnin. Sunayen jakunkunan hotuna suka zubo a allon, biki bayan biki, suna bayan suna.

"Wannan ne?"

Mai Hoto ya matso. Ya karanta sunan jakar, ya sake karantawa. Sai ya zauna daɓas a ƙasa, ya rufe fuska da tafin hannu.

"Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi."

"Kuka kake? Tsaya in ɗauko kyamara, yau mai hoto zai shiga hoto."

"Ƙura ce ta shiga idona."

"Ƙurar ma ta san inda rago yake."

Ta bar shi ya huce. Ta gyara fayil ɗin, ta cire sunan da ke yawo ta sa doguwar lambar da kowane ɓangaren faifai ke da ita shi kaɗai, wadda ake kira UUID, ko an sauya rami ba ta sauyawa. Ta yanka wa sabon faifan ɓangare, ta kwafe hotunan bikin a kai don su zama biyu. Na'urar ta tashi lafiya, ga dattijon a allo yana dariya, hannunsa cikin na 'yarsa.

"Saura tambaya ɗaya," in ji ta. "Tsohon bai gogu ba. Sabon kuma ba a taɓa shi ba, don lokacin babu wuta a jikinsa. To wane bawan Allah ne yake sdc sa'ad da ka zare wuƙa?"

Suka dubi juna. Ta sunkuya ta leƙa bayan kwamfutar, ta zaro wani ɗan jan filas na ajiyar bayanai da ke soke a jikinta.

"Wannan na waye?"

Ya sosa ƙeya. "Kamar... kamar naki ne. Wanda na ara."

"Wanda ka ce ya ɓace?"

"Ai ga shi kin gan shi. Ki gode mini."

"Ka share shi tas?"

"Na wanke miki shi. Da datti."

"Aikin digirina na biyu yana ciki, Ɗan Kawu."

Ya zaro ido. "Ki rantse!"

Ta bar shi ya ɗan soyu, sannan ta fashe da dariya har da buga tebur.

"Ni irinka ce? Yana wuri uku. Tsoron ne kawai nake so ka ƙara sha, don jiki magayi."

Ya sauke ajiyar zuciya, shi ma dariyar ta kama shi. Ya ɗaga hannu biyu sama.

"Na sallama, ranki ya daɗe. Yau kam ke ce uwar ɗaki. Naka sai naka. Duba shagon nan, abin da ranki ya so ki ɗauka."

"Kowane ne?"

"Ban da kyamara."

Ta dubi firam-firam, ta dubi fitilu, ta juya sau ɗaya a kan kujerar. Sai ta miƙe, ta kama bayanta ta fara turawa zuwa ƙofa, tayoyin suna ƙara.

"Ke! A kan me zan zauna in wanke hoton?"

"A tsaye. Hannunka ya fi natsuwa in ƙafarka na ciwo."

"Tafi da ita," in ji shi, yana dariya yana ɗage mata labule. "Amma ki sani, ƙafa ɗaya tana cirewa."