Angon Da Ke Cikin Kundina

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka yi walimar auren Hajara ba. Amma kafin in faɗi abin da ya faru, wajibi ne in fara da haƙƙin da aka tauye mini. Duk wanda ya ɗauki mai gabatar da taro, nauyi ne a kansa ya sanar da shi a rubuce sunan ango da na amarya, da na waliyyansu, da jerin manyan baƙi bisa darajarsu. Wannan ƙa'ida ce, ba ni na ƙirƙiro ta ba (ko da yake a unguwarmu ta Agege ni kaɗai na rage da ke tunawa da ita). Ba a ba ni wannan takarda ba, kuma a kan haka nake tsaye har gobe. Sauran abin da ya biyo baya kuwa, na amsa, da hannuna dumu-dumu a ciki.

Shekara goma sha huɗu ke nan ina riƙe makirufo a unguwannin Hausawan Legas. Koyarwa ce ta kawo ni garin, daga baya harshe ya fi alli ciyar da ni. Biki, suna, saukar Alƙur'ani, taron 'yan kasuwa, har da wani ɗan shiri da nake ɗauka a kyamara duk mako ina hira da dattawan sana'o'i. Ba ni da ubangida, wanda ya kira ni shi nake wa aiki. Jarina ɗaya ne: wasu littattafai masu baƙin bango, waɗanda a cikinsu nake rubuta kowane taro da na halarta, wa ya zo, wace sarauta yake riƙe da ita, wa ya kamata a ambata kafin wa. Ban taɓa kiran Sarkin Fawa kafin Liman ba. A wannan sana'a, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai ga Bashir, wanda yake kiran kansa Basho. Haifaffen Agege ne, yana ɗan firamare na buɗe kundina na farko. Yana yawo da waya a kan sanda da wata fitila zagayayya kamar faifai, yana fara jimla da Hausa, ya ratsa ta Yarbanci, ya sauka a Turancin kasuwa, mutane kuma suna ta shewa kamar an raba musu gado. Da kunnena na ji ya kira babban malami "Oga Liman", kuma Liman ɗin ya yi murmushi. Ni da na shekara goma sha huɗu ina jero masa laƙabobinsa cif-cif, ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Na sha gaya wa kaina cewa ba hassada nake yi ba, kishin harshe ne kawai. (Mai karatu na iya yanke nasa hukuncin. Ni dai na san sau nawa na leƙa shafinsa don in ga ko mabiyansa sun ragu.)

Abin da ya sa wannan biki ya fi sauran nauyi shi ne uban amarya. Alhaji Mamuda shi ne shugaban ƙungiyar dillalan shanu ta mayanka, kuma babban taronsu na shekara, wanda ake yi bayan Babbar Sallah, ni nake gabatar da shi shekara tara a jere. Daga wannan taro ake ganin mutum a kira shi sauran ayyukan shekara. Na sami labarin kwamitinsu ya rabu biyu, wasu suna so a ci gaba da ni, wasu suna son Basho, kuma kowa ya san a bikin 'yar shugaba za a gwada mu.

Alhaji da kansa ya buga mini waya.

"Malam, bikin 'yarka Hajara ya zo. Asabar ta sama, bayan azahar. Kai za ka gabatar da manya, shi kuma Basho ya ji da matasa da kyamara. Komai yana cikin zauren da aka buɗe a waya, ka duba."

Na duba. Zauren cike yake da saƙonnin murya, duk na Basho. Katin gayyatar ma bidiyo ne, kuma fuskarsa ce a farkonsa, ya wage baki. Na rufe wayar. Na ce ni ba na karɓar sanarwa daga mutumin da ke buɗe magana da "Mutanena, yaya ne, ina wahala?" Ina da abin da ya fi muryarsa inganci.

Na jawo kundin bara, na buɗe shafin baikon Hajara, domin ni na gabatar da shi. Ga komai nan da rubutuna: mai nema Injiniya Kabiru, waliyyinsa baffansa Alhaji Sale dillalin fata, goro huhu biyu, alewa, dabino. Kamar yadda aka sani, mai neman aure ba ya zuwa wurin baikonsa, manyansa ne ke zuwa, don haka ban taɓa ganin fuskar Injiniyan ba. Ban ga wata matsala a nan ba. Kwana uku na yi ina tsara jawabi, na bi asalin gidansu har kaka na uku, na saka karin magana bakwai a wuraren da suka dace. Ina rubutu ina hango Basho a gefe ya riƙe sandarsa, bakinsa ya mutu.

An ɗaura auren ranar Juma'a a masallaci. Ban je ba. Na ji cewa Basho zai haska shi kai tsaye, sai na ji kamar mura tana neman kama ni.

Ranar Asabar da safe ina gyara babbar rigata, uwargidana ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, wai ka ji yadda maganar Hajara ta kaya kuwa? Ai Basho ya yi bayani a..."

"Na roƙe ki da girman Allah, kada a sake ambaton wannan suna a gidan nan."

Ta dube ni, ta dubi takardun da ke hannuna. "To, Malam. Allah ya ba da sa'a."

A bakin ɗakin taron an kafa wani ƙaton allo mai hoton ango da amarya da sunayensu, inda baƙi ke tsayawa ɗaukar hoto. Daga nesa na hango Basho a gabansa, mata da matasa sun yanyame shi. Zuciyata ta ƙi. Na ce wa mai keken da ya kawo ni ya zagaya da ni ta baya. Haka na shiga ta madafa, na ratsa tsakanin tukwanen dafa-duka da matan da ke tuƙa tuwon amala, na fito a bayan dandamali ina ƙamshin hayaƙi. Da na bi ta ƙofar da kowa ya bi, da yau ba ni da labarin bayarwa.

Bayan addu'a aka miƙo mini makirufo. Na gaishe da manya ɗaya bayan ɗaya, ba tuntuɓe, har na ga wasu 'yan kwamiti suna gyaɗa kai. Sannan na juya wajen ango, wani saurayi kakkaura cikin farar shadda, na nuna shi da hannu.

"Jama'a, ga angonmu, Injiniya Kabiru, ɗan gidan ilimi, jikan malamai. Hausawa sun ce kyawun ɗa ya gaji ubansa..."

Ɗakin ya yi tsit. Na ɗauka daɗin magana ne ya kama su, na ƙara ɗaga murya. Amarya ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa tebur, na ce a raina ga tarbiyya. Angon kuwa ya zuba mini ido, bai ko ƙifta ba. Alhaji Mamuda ya cire hularsa, ya leƙa cikinta, ya mayar. Duk ban fahimta ba. Na zayyano digirin Injiniya da gadojin da ya yi aiki a kansu, sannan na kai ga wurin da na fi alfahari da shi.

"Yanzu ina gayyatar uban ango, Alhaji Sale, ya taso zuwa babban tebur."

Alhaji Sale yana nan, a layi na uku. (Daga baya na ji cewa an fasa wancan auren tun watan azumi, da rigima mai zafi har aka mayar da kaya, kuma da ƙyar dattawa suka sasanta shi da Alhaji Mamuda. Ya zo bikin ne don ya nuna komai ya wuce.) Dattijon ya ɗan ɗaga, ya koma ya zauna. Na ce, "Alhaji, kada tawali'u ya hana ka karɓar girmanka." Na kira shi sau uku.

Sai wata tsohuwa ta miƙe daga ɓangaren dangin ango, ta gyara mayafi.

"Kai, mai baki! Wane Injiniya kuma? Jikana Auwalu albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12, kuma da albasar ya auri matarsa. Gada kuwa, hawanta kawai yake yi!"

Abokan ango, 'yan albasa da 'yan tumatir, suka kwashe da dariya suna dukan tebura. Na dubi takardata. Rubutuna ne, tsaf, ba gyara ko ɗaya. Ga kyamarar Basho tana kallona, ana haska ni har Kano da Maraɗi.

Basho ya taho, ya ɗan rusuna a gabana, ya yi ƙasa da murya. "Baba Malam, abeg, ara mini makirufon minti ɗaya."

Na miƙa masa.

"Mutanena, ku tafa wa Malam! Duk Legas shi kaɗai ke da tarihin kowa a rubuce. Ya karanto mana jaridar bara, yanzu ga ta yau da ɗuminta!" Aka yi dariya, amma wata iri mai sauƙi. Ya kira sunan Auwalu, ya yi wa albasa kirari har tsohuwar nan ta rangaɗa guɗa. Sannan ya taka har layi na uku ya durƙusa. "Alhaji Sale, wallahi ba kowa ke iya zuwa bikin da ka zo ba. Tunda Malam ya kira ka sau uku, ka taso ku gaisa da ɗan'uwanka." Alhazawan biyu suka rungumi juna, aka yi kabbara, wasu mata har da share hawaye.

Ya dawo mini da makirufon, ya tsaya a bayana yana raɗa mini sunayen dangin ango ɗaya-ɗaya, ina maimaitawa kamar ɗan aji ɗaya. Wannan ya fi komai ciwo. Da dariya ya yi mini, da na sami abin riƙewa a kansa.

Washegari na je Mile 12 na ba ango haƙuri. Ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka cika mini kwando da albasa, ya ce, "Malam, ka kai gida, ka ce daga Injiniya." Har yau in na shiga mayanka, mahauta daga nesa suke ɗaga wuƙa su ce, "Barka da zuwa, Malam Injiniya!"

Taron shekara kuwa, Basho aka ba. Ya zo har gida ya roƙe ni in rubuta masa jerin manya, wai shi bai san wa ke gaban wa ba. Na rubuta masa, amma sai da na bi gida-gida na tabbatar wa ke raye, wa ke kan sarautarsa, wa kuma aka fasa. Abin da na koya ke nan: littafi yana riƙe abin da aka gaya masa ne kawai, ba ya zuwa gaisuwa, ba ya jin tsegumi. Kuma in ka toshe kunne don kada ka ji muryar abokin hamayyarka, to wata rana a bainar jama'a zai raɗa maka karatu.

Duk da haka, laifina bai goge haƙƙina ba. Saboda haka, cikin girmamawa, ina roƙon kwamitin ƙungiya ya zauna ya binciki dalilin da ya sa ba a ba mai gabatarwa sanarwa a rubuce ba, ya kuma ba da umarnin cire wancan bidiyo daga inda yake yawo. Ina kuma neman alfarmar a bar ni in gabatar da zaman binciken da kaina, domin na sami labarin wasu sun fara ba da shawarar a kira Basho.